Waiwaye: Litinin ɗin da 'yan kasuwa ba su koma gida ba

Ranar Litinin, 15 ga Maris 2021, kasuwar Banibangu ta ci kamar yadda ta saba ci kowane mako. Mai akuya ya sayar, mai awo ya auna, da rana ta yi sanyi motoci suka kwashi jama'a suka kama hanyar ƙauyuka. Huɗu daga cikinsu, masu zuwa Shinagodar da Darey-Daye, ba su isa ba. 'Yan bindiga sun tare su a daji, suka sauke fasinjoji, suka zaɓi waɗanda za su harbe. Sanarwar gwamnatin Nijar ta ce mutum 58 aka kashe a wannan yinin, an ƙone rumbunan hatsi da motoci biyu, an tafi da wasu biyu. Aka sa makokin ƙasa na kwana uku. Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta.

Ga mutumin Abala wannan ba labarin nesa ba ne. Gundumar Banibangu maƙwabciyarmu ce ta yamma, kuma kasuwannin wannan yanki a sarƙe suke da juna. Dillalin da ka gani yau a nan, jibi yana can. Dabbar da ta fito daga iyakar Mali takan bi hannu zuwa hannu, ta ratsa Abala da Filinge, ta gangara Dallol Bosso har kasuwar Lahadi ta Baleyara, daga nan sai Yamai ko Nijeriya. Gero da sukari da shayi su kuma su hau arewa. Duk wanda ya taɓa zama a bayan irin waɗannan motoci, kan buhu, ƙafa na lilo, ya san shi ma zai iya kasancewa a ciki.

Akwai abin da lambar 58 ba ta faɗa. A ƙauyukanmu mutum ba ya zuwa kasuwa da buƙatarsa shi kaɗai. Yana ɗauke da saƙon maƙwabta: tsohuwa ta ba shi tunkiya ya sayar mata, wani ya ba shi jika biyu ya sayo magani, amarya ta aike shi turmin zane. Kowane mamaci a cikin motocin nan ya tafi da abincin gidaje da dama, kuma a watan Maris, lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa, damina kuwa da sauran nisa.

Duniya ta san harin Westgate na Nairobi. A Satumban 2013 'yan Al-Shabab suka shiga wannan katafaren kanti, aka kwana huɗu ana ɗauki-ba-daɗi, mutum 67 suka mutu. An sake buɗe shi a Yulin 2015, da masu gadi da na'urorin bincike a bakin ƙofa. Jinin Kenya da na Nijar duk jini ne, ba gasar makoki nake yi ba. Abin da nake so a lura shi ne, Westgate gini ne mai ƙofa, ana iya tsare ƙofar. Kasuwarmu rumfunan zana ne a fili, kuma rabinta a kan hanya take. Waɗanda suka yi kisan Banibangu ba su ko shiga kasuwar ba. Sun san ranarta, sun san lokacin tashinta, suka je suka jira.

Wutar ta daɗe tana ci kafin wannan rana. Tun 2012, da arewacin Mali ya rikice, Abala ta karɓi dubban 'yan gudun hijira daga wajen Menaka da Andarambukan. A Fabrairun 2017 aka kashe sojoji a Tilwa, a Maris aka sa dokar ta-ɓaci a gundumomin iyaka, har da Abala da Banibangu, a ƙarshen Mayu kuma aka kai hari cikin Abala kanta, jami'an tsaro shida suka rasu. Sai Inates a Disamban 2019, sojoji 71. Sai kusa da Sanam a ƙarshen wannan watan, jami'ai 14 da ke rakiyar masu rajistar zaɓe. Sai Shinagodar a Janairun 2020, sojoji 89.

Hukuma ta mayar da martani da abin da ke hannunta. An rufe wasu kasuwanni, daga farkon 2020 kuma aka hana hawa babur a jihar Tilaberi. Hujjar ba ta banza ba ce: a kan babur maharan suke zuwa, a kasuwa suke samun mai da abinci, a nan ake ɓatar da sawun dabbobin sata. Na fahimci sojan da ya binne abokansa ya ce a rufe. Amma mai bindiga bai taɓa neman izinin hawa babur ba. Wanda dokar ta kama shi ne ɗan kabu-kabu da ya rasa abin yi, da mai naƙuda da aka ɗora a amalanke zuwa likita, da makiyayin da ke da shanu amma ba shi da inda zai musanya maraƙi da gero. An ɗage hanin babur a Satumban 2021, bayan 'yan makonni aka maido da shi, jama'a na tsakiya.

Asarar da ta fi min ciwo ba ta kuɗi ba ce. A ƙasar Kurfai da kewayenta, kasuwa ce kaɗai wurin da Bafillace da Bazabarme da Ba'abzine da Bakurfaye suke haɗuwa kowane mako ba tare da wani ya kira taro ba. A gidan dillali baƙo yake sauka, ya ci tuwo, ya bar ajiyarsa. Idan shanu sun yi ɓarna a gona, sau da yawa a gindin rumfa ake kashe maganar tun ba ta kai gaban mai gari ba. Idan an ce 'yan rugar wane ne suka kai hari, ranar kasuwa za ka ga mutumin rugar da idonka, ka tambaye shi, ya rantse ko ya sunkuyar da kai. Da aka daina haɗuwa sai jita-jita ta gaje wurin. Kowa ya koma cikin danginsa yana ƙirga gawarwakinsa, yana ɗora wa ƙabila guda laifin 'yan tsiraru. Masu iƙirarin jihadi, 'yan reshen ƙungiyar IS da ke karɓar dabbobin mutane da sunan zakka, abin da suke nema ke nan. Ba a banza suka tsaya zaɓen fasinjoji ba.

Abin da ya biyo baya a 2021 ya nuna haka. Kwana shida bayan Banibangu aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, jihar Tawa. A Agusta aka koma Darey-Daye, aka kashe 37 a gonakinsu, har da mata da yara. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga farar hula fiye da 420 da aka kashe a yammacin Nijar tun ba a fita watan Agusta ba. Mutane suka gaji, suka kafa 'yan banga. Wa zai ga laifin wanda aka kashe wa uba a hanyar kasuwa, aka kashe wa ƙane a gona? Amma ranar 2 ga Nuwamba magajin garin Banibangu ya fita da jama'arsa, aka yi musu kwanton ɓauna a Adab-Dab, mutum 69 suka kwanta, har da shi.

Sai a Janairun 2023 al'ummomin gundumar Banibangu suka zauna suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya. Takarda ba ta kawo ƙarshen kisa a Tilaberi ba, masallacin Fambita da aka kashe mutum 44 a Maris 2025 shaida ne. Duk da haka, abin da aka sha wahala aka shirya da masu shiga tsakani, wato a zaunar da manomi da makiyayi wuri guda su dubi juna, shi ne abin da kasuwa take yi kyauta kowane mako tun zamanin kakanni.

Saboda haka roƙona ga hukumomin Abala da Filinge ƙarami ne, kuma mai yiwuwa ne. Ranar kasuwa sananniya ce, hanyoyin ma ƙidayayyu ne. A sa rakiyar jami'an tsaro a kan hanyar Abala zuwa Sanam da ta Filinge a wannan rana, musamman da la'asar lokacin komawa, motoci su tashi tare. In tilas ta sa a rufe wata kasuwa, a fara zama da sarkin kasuwa da dillalai da direbobi, domin sun fi kowa sanin wanda ke sayen man da ya fi ƙarfin buƙatarsa, kuma a faɗi ranar da za a sake buɗewa. Matan da aka bari da marayu tun 2021 kuwa, a rubuta sunayensu ƙauye-ƙauye, a fara da su duk lokacin da aka kawo hatsin tallafi.