SHARHI: Injin Mai Tsimin Fetur Yana Bukatar Baƙin Mai Na Gari

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, tambayar farko da mai sayen mota yake yi ita ce yawan man da take sha. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a cikin shekarar 2024. Saboda haka ya dace a duba dabaru biyu da kamfanonin ƙera motoci suka fito da su domin rage shan mai, a kuma auna amfaninsu ga aljihun ɗan Nijeriya.

Dabara ta farko ita ce hutar da wasu daga cikin silindojin injin. Mota ba ta bukatar dukkan ƙarfinta sai wajen tashi, ko hawan tudu, ko wuce wata motar. Idan ta miƙa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, direba yana taka totur kaɗan ne, hanyar iska ta tsuke, injin ya riƙa ɓarnar ƙarfi wajen zuƙo iska. A nan ne kwamfutar motar take rufe bawul-bawul na rabin silindojin, ta kuma yanke musu mai. Sauran sai su ɗauki nauyin duka, hanyar iska ta ƙara buɗewa, ɓarna ta ragu.

Kamfanin General Motors na Amurka ya gwada wannan dabara a motocin Cadillac a shekarar 1981, amma kwamfutar wancan zamani ba ta da saurin da aikin yake bukata, aka janye injin daga yawancin motocin bayan shekara guda. Honda ta fito da nata tsarin a 2003, General Motors da Chrysler suka komo fagen a tsakiyar shekarun 2000, sannan Volkswagen ta sanya shi a ƙaramin injin mai silinda 4 a 2012.

Dabara ta biyu ita ce sauya lokacin buɗewa da rufewar bawul gwargwadon gudun injin. Alfa Romeo ce ta fara sayar da irin wannan mota a 1980, Honda ta biyo da VTEC a 1989, Toyota kuma da VVT-i a tsakiyar shekarun 1990. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin yana cikin ɗimbin Corolla da Camry da Accord na hannu da ake shigowa da su.

Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya: ragin da kowace dabara take kawowa bai cika kai kashi 10 cikin 100 ba. Wanda yake shan lita 40 a mako, idan ya sami ragin kashi 5, lita 2 ce ta rage masa. Bugu da ƙari, hutar da silinda ya fi amfani a doguwar tafiya irin ta Abuja zuwa Kaduna. A cunkoson Legas kuwa, ribarsa ƙalilan ce.

Babban abin lura shi ne, a mafi yawan waɗannan injuna ƙarfin tunkuɗar baƙin mai ne yake motsa na'urorin da ke sarrafa bawul, ta cikin ƙananan kafofi. Jabun mai, ko mai kaurin da ya wuce ƙa'ida, ko jinkirta juye, kowannensu yana toshe kafofin nan. Daga nan sai fitilar gargaɗi ta kunnu, shan mai ya ƙaru, kuɗin gyara ya cinye tsimin watanni. Araha dai ba ta ado.

Don haka ya kamata Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, ta tsananta sa ido a kan baƙin man da ake sayarwa a bakin titi. Haka kuma ya dace hukumar NADDC mai kula da bunƙasa masana'antar motoci ta faɗaɗa horar da kanikawa kan na'urar binciken injin, domin gyaran kunne da hasashe ba ya yi wa irin waɗannan motoci. Shi kuma mai mota, ya bi lambar man da kamfani ya rubuta, ya yi juye a kan kari. In ba haka ba, ya sayi injin zamani ne kawai, amma ribarsa ta tafi garejin bakanike.