Jarrabawar Ingilishi: kada a sayar da albasa kafin a san inda yaro za shi

Jama'a, akwai wata magana da ta fara yawa a bakin 'yan kasuwarmu tun daga Bazaga zuwa Ƙonni, har Malbaza da Illela. Yaro ya gama lisansi a jami'ar Tawa ko Maraɗi ko Yamai, ya dawo gida ya ce yana son wucewa masta a ƙasar waje, amma sai ya ci wata jarrabawar Ingilishi tukuna, kuma kuɗinta ya haura jaka ɗari. Uwa tana sayar da kayan miya, uba yana fataucin albasa ko bisashe, ba wanda ya san kan wannan jarrabawa balle gindinta, sai a kwashe adashi a miƙa saboda kunyar a ce an hana ɗa karatu. Ni a ganina neman ilimin daidai ne, biyan kuɗi ido rufe shi ne ba daidai ba.

Ba laifin yaran ba ne da suka juya wajen Ingilishi. A da duk wanda ya yi zurfi a boko Faransa yake hange, to amma a watan Satumba na 2023 Faransa ta dakatar da bai wa ɗaliban Nijar da Mali da Burkina Faso biza, a farkon 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai. Bugu da ƙari, kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi kafaɗa da kafaɗa da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan wanda ya iya Ingilishi ko bai tsallaka iyaka ba zai ci moriyarsa.

Abin da ya kamata iyaye su fara sani shi ne jarrabawar ba ɗaya ba ce, kuma jami'ar da yaro yake nema ita ke faɗin wadda take karɓa. Akwai TOEFL ta Amurkawa, akwai IELTS ta Ingila da Ostareliya, dukansu abu huɗu suke aunawa: karatu, sauraro, magana da rubutu. A IELTS makin ƙoli 9 ne, jami'o'i da yawa kuma 6.5 suke nema ga mai son masta. TOEFL a da bisa 120 ake lissafinta, daga Janairun 2026 aka koma ma'aunin 1 zuwa 6. Sai GRE, wadda ita har da lissafi a cikinta, galibi jami'o'in Amurka ke tambayarta, kuma tun daga 2020 da yawansu sun daina tilasta ta. Kowace ɗaya kuɗinta yakan kai dala 200 ko fiye, ina nufin dalar Amurka, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar ba.

Ga wurin da kuɗi ke salwanta. Sakamakon TOEFL da IELTS shekara biyu kacal yake aiki, bayan nan ya zama kamar tumatir da ya kwana uku a rana. In yaro ya ci jarrabawa bana alhali ba a tanadi kuɗin makaranta ba, ba a samu tallafin karatu ba, kafin a gama shiri takardar ta mutu, sai an sake biya. In kuma ya faɗi, ba a mai da ko tamma. Sannan mai niyyar Amurka ya sani cewa a watan Disamba na 2025 gwamnatin ƙasar ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta hana mutanensu shiga daga farkon 2026. Saboda haka Hajiya, in ɗanki ya zo da maganar GRE, ki tambaye shi wace jami'a ce, a wace ƙasa, kuma ƙofar ƙasar a buɗe take ga mai fasfon Nijar? Wannan tambaya ba raini ba ce. Ke da ba ki sayen buhun gero sai kin zura hannu kin ga ƙwaya, don me za ki biya jaka ɗari a kan abin da ba a nuna miki a rubuce ba?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke hangen nesa mu bar abin da ke bakin ƙofarmu. Daga Ƙonni in ka tsallaka Illelar Najeriya, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari ba za ta kai ka Sakkwato, inda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take tun 1975, da Ingilishi kuma ake karantarwa. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga ta Bayero a Kano. Kowace tana da nata sharuɗɗan ga mai takardun Faransanci, sai a je a tambaya da baki, kuma tafiyar ba ta fi ƙarfin wanda ya saba kai kaya kasuwar Sakkwato ba. Ko da yaro can Ingila ko Malesiya ya nufa, wata shida a gidan ɗan'uwa a Sakkwato yana zuwa ajin koyon Ingilishi, yana karanta jarida kullum, ya fi masa shekara guda yana haddar kalmomi a ɗaki shi kaɗai. Na san rufe iyaka da aka yi daga 2023 zuwa Maris na 2024 ya tsorata mutane, kuma hanyar tana da matsalar tsaro da ba a ɓoyewa, dole a yi lissafi da ita.

Sai dai a yi hattara, Ingilishin tasha da na bakin iyaka, wanda ake ciniki da shi da direbobin kudu, ba shi ne na jarrabawa ba. Haka nan shekara bakwai da yaranmu ke yi suna Ingilishi daga koleji zuwa lise, yawanci nahawu ne a allo, malam na bayani da Faransanci, yaro ya ci bak bai taɓa yin minti biyar yana magana da harshen ba. A IELTS kuwa za a zaunar da shi gaban mai jarrabawa kusan kwata na awa, a yi ta tambayarsa yana amsawa. Maganin wannan ba tsada gare shi ba: sauraron labarai da Ingilishi a rediyo ko waya kowace safiya, rubuta shafi guda kullum a kai wa malami ya gyara, da yin jarrabawar gwaji da agogo a gaba. Masu shirya jarrabawar suna sa samfurin tambayoyi kyauta a intanet. Kada a biya kuɗin ta gaske sai yaro ya kai makin da ake nema a gwaji sau biyu ko uku. Wannan lokacin karatu iyaye ne za su ba shi, musamman 'ya mace, wadda da ta dawo gida ake ɗora mata tsaron rumfa da girki har dare.

Akwai kuma masu yawo a waya suna cewa a ba su kuɗi su fito da sakamako ba tare da an zauna jarrabawa ba. Ƙarya ce. Jami'a ba takardar hannun yaro take dogara da ita ba, wurin masu jarrabawar take tantancewa, in aka kama shi kuma ya rasa kuɗi ya rasa gurbi. Ana iya yin TOEFL daga gida da kwamfuta, amma sai da wuta da intanet da ba su yankewa har awa biyu, abin da mu nan mun san ba a rantsuwa a kansa.

Hukumomi su ma da nasu. Tunda an ce Ingilishi harshen aiki ne, ya dace jami'ar Tawa da makarantun Ƙonni su buɗe azuzuwan yamma na shirya ɗalibai, ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma za su iya haɗa kuɗi su ɗauki malami guda ga 'ya'yansu, ya fi kowa ya biya nasa.

Ranar rajista kuwa a buɗe fasfo a kwafi suna harafi bayan harafi. Wanda fasfonsa ya ce Mahamadou ya rubuta Muhammadu, ko Aïchatou ta rubuta Aishatu, ana iya tsayar da shi a ƙofar ɗakin jarrabawa, kuɗin kuma sun tafi.