Shaidar Jama'a da Bashin Shinkafa

Akwai wata magana da masanan Turai suka daɗe suna jayayya a kanta, ta kuwa shafi malamai da 'yan kasuwar Birnin Kebbi da Argungu fiye da yadda ake zato.

Wani malami Bajamushe, Max Weber, ya yi littafi a 1904 da 1905, inda ya ce aƙidar Nasara 'yan Furotesta ita ce ta yi renon jari-hujja, domin ta koya musu cewa sana'a ibada ce, almubazzaranci kuwa zunubi, saboda haka riba ba ta da wurin zuwa sai ta koma cikin jari. An yi masa raddi da hujja mai ƙarfi, gama attajiran Benis da na Masar sun san ƙiradi da takardar bashi tun kafin Luther ya yi tawaye a 1517. Amma akwai abin da ya gani da idonsa wanda raddin bai rushe ba.

A 1904 ya ziyarci Amurka, ƙasar da ba ta daɗe da kafuwa ba, mutanenta baƙin juna ne, kowa daga inda ya fito. A jihar Karolina ta Arewa ya halarci wankan shiga ɗarikar Baftis. Aka nuna masa wani saurayi cikin ruwan sanyi, aka ce masa wannan banki yake so ya buɗe. Dalili kuwa, jama'ar ba ta karɓar mutum sai ta bincika halinsa sarai, ko mashayi ne, ko ɗan caca, ko mai taurin bashi. In ta karɓe shi, ya sami lamuni ko a garin da ba a san ubansa ba. In ta kore shi, kasuwa ma ta kore shi.

To, wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi. Fataken goro da ke bi ta Jega su haye Kwara, su ratsa Bargu har Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni suke yi da dukiyar mutane, babu banki, babu ɗan sanda. Kowane ayari da madugunsa da malaminsa. A zango kuma fatoma ne ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa in an sayar bashi. Wanda ya ci amana a Salaga, labarinsa kan riga shi isowa gida, daga nan ko jaki ba mai ba shi aro. Alhaji Umaru na Karaci, wanda asalinsa Bakabe ne, ya rasu a 1934, a kan wannan hanya ya tashi, da allo da fatauci tare, har ya yi waƙa a kan talauci da wadata. Malami da falke a zamaninsa sau da yawa mutum ɗaya ne. Hasali ma, ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, hukuncin rubuta bashi da kafa shaidu ta ƙunsa.

Sai a dubi abin da ya auku daga baya. A watan Nuwamba na 1915 babu mai mafarkin injin casa a fadamar Rima, amma bayan shekara ɗari cif, a Nuwamban 2015, a Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin rancen manoman shinkafa na Babban Banki. A 2017 aka buɗe babban injin casa a Argungu. Noman rani ya haɓaka, wannan ba mai musu. Sai dai bashin da yawa bai koma ba, a Kebbi da sauran jihohi.

Adalci ne a faɗi uzurin manomi. Ambaliyar 2020 ta cinye gonaki masu yawa, shari'a kuwa ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Akwai kuma masu cewa rancen da ruwa a cikinsa, wannan magana ce ta malamai, a tsaya a yi ta. Amma haramcin riba bai halatta cin uwar kuɗi ba. Wanda ya girbe, ya sayar, ya ƙara aure, sa'an nan ya ce ai kuɗin gwamnati rabonsa ne, wannan fa ba ambaliya ta ci shi ba. Abin mamaki, irin wannan mutum yakan tsaya a sahun farko ran Juma'a, ba mai tambayarsa komai.

Nan ne nauyin ya faɗa wa malamai. Jama'ar Karolina da zangon Salaga abu ɗaya suka yi: sun sa shaidarsu ta yi tsada. Da limamin unguwa da sarkin kasuwa ne ke sa hannu kafin a ba mutum rance, su kuma ƙi sa wa wanda aka san halinsa ko da ɗan babban gida ne, da sunayen bogi ba su cika takarda ba. A ƙarshen 2023 Babban Banki ya daina karɓar sababbin masu neman irin wannan rance, ƙofar ta rufu a kan wanda ya ci da ƙaramin manomin da ya auna buhunansa ya biya.