A Fara da Ma'ana Kafin Alamomi

Ɗalibai da dama kan firgita idan darasin kalkulas ya kai ga adadin da ya dogara ga abubuwa biyu ko fiye. Laifin na tsarin koyarwa ne, wanda kan jibga musu alamomi tun ba su fahimci ma'ana ba. Alhali kuwa ko manomi ya san kyan yabanya ba ga ruwan sama kaɗai yake ba. Akwai taki, akwai irin ƙasa. Dabarar ita ce a bar sauran yadda suke, a sauya guda, a auna sakamako. Da irin wannan lissafi ne d'Alembert na Faransa ya bayyana kaɗawar tsirkiya a 1747, bisa wuri da lokaci. Wajibi ne malamai su fara da misalai, alamomi su biyo baya.