Shin abinci zai iya sauƙaƙa ciwon damuwa?

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 280 ne ke fama da ciwon tsananin damuwa a faɗin duniya.

Yawan masu fama da shi, da kuma yadda magunguna ba sa yi wa kowa aiki, ya sa masana suka karkata ga wata tambaya: shin abin da mutum ke ci yana da hannu a ciki?

Likitoci sun gano cewa idan matsin rayuwa ya daɗe a kan mutum, jikinsa kan ci gaba da fitar da sinadarin kotizol, har garkuwar jiki ta daina jin umarninsa. Daga nan sai wani kumburi na ɓoye ya taso a cikin jini, wanda kan kai ga ƙwaƙwalwa ya taɓa barci da kuzari da walwala.

A nan ne abinci ke shigowa. Ƙananan halittun da ke cikin hanji kan sarrafa dusar hatsi da wake da ganyayyaki, su samar da sinadaran da ke rage kumburi.

A shekarar 2017, Farfesa Felice Jacka ta Jami'ar Deakin da ke Ostireliya ta wallafa sakamakon gwajin da aka yi kan mutane 67 masu ciwon damuwa. An ɗora wasu a kan irin cimar mutanen yankin Bahar Rum, wato kifi da man zaitun da kayan lambu da hatsin da ba a surfe ba.

Bayan makonni 12, kashi 32 cikin ɗari na waɗanda suka sauya cima sun samu sauƙi sosai. A ɗaya rukunin kuwa, kashi 8 ne kawai.

Sai dai masu sharhi na jan hankali cewa mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma akasarinsu suna shan magani ko ganin likita a lokacin.

Haka kuma, ƙwayoyin ƙarin sinadarai ba su ba da irin wannan sakamako ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2021, kan mutane fiye da 18,000, ya nuna cewa ƙwayoyin man kifi ba su hana kamuwa da ciwon ba.

Ke nan dai amfanin yana cikin tsarin cimar gaba ɗaya, kuma gero da dawa da wake da gyaɗa da zogale suna cikin rukunin abincin da ake magana a kai.

Likitoci na gargaɗin cewa gyara cima taimako ne ga magani. Duk wanda baƙin ciki ya hana shi aiki ko barci har tsawon makonni 2, ko ya fara tunanin cutar da kansa, to ya hanzarta zuwa asibiti.