Gilashin ɗaukar tsuntsu daban, na ƙwallo daban

Mai kyamarar da ke son gilashin zuƙo nesa guda ɗaya ya yi masa tsuntsu da ƙwallo, asarar kuɗi zai yi. A dausayin Haɗejiya-Nguru tsuntsu ba ya bari a matso shi, gilashin da bai kai milimita 400 ba ɗigo kawai zai nuna. Sigma 150-600mm ya dace, sai dai ya kusa kilo 2, kafaɗa za ta ji a jikinta.

Filin wasa kuwa haske ne matsalarsa. Idan rana ta yi sanyi, gilashi mai f/2.8 yana shigar da haske ninki 4 na mai f/5.6, shi ke tsayar da ɗan wasa cak yana tsakiyar gudu. Wanda hoton ƙwallo ke ciyar da shi, ya fara sayen 70-200mm f/2.8, ko da na hannu ne.