Majigin Zane da Wariyar Launin Fata a Idon Yara

Ko da yake jama'a da yawa sun ɗauki majigin zane abin shagalar ƙananan yara kurum, duk wanda ya nazarci The Boondocks, wanda Aaron McGruder ya kawo talabijin na Amurka a shekarar 2005, lalle zai tarar cewa a ƙarƙashin barkwancinsa akwai mas'ala mai nauyi. Huey da ƙanensa Riley, baƙaƙen yara da kakansu ya ɗauko daga Shikago ya kai unguwar Turawa, su ne ke furta abin da manya suke ɓoyewa don kunya ko tsoro.

Wadda ta fi sosa mini zuciya ita ce Jazmine, 'yar baƙin mutum da Baturiya, wadda tun a zanen jarida da aka ciro shirin daga cikinsa take ƙyamar gashinta, alhali ba a haife ta da wannan ƙyama bisa fiɗira ba, a bakin manya da kallonsu ta tsince ta. Amma fa harshen shirin yana da kaushi ƙwarai, shi ya sa da dare aka riƙa nuna shi, kuma iyaye ne suka fi cancanta su kalle shi.